Waiwaye: Yadda ruwan Kano ya rasa makwanci

Duk damina sai maganar ta dawo. Ruwa ya shiga shaguna a Kantin Kwari, ya ci gidaje a cikin birni, sai rediyo da Facebook su ɗauki zafi. Wannan ya ce leda ce ta toshe magudanai, wancan ya ce sauyin yanayi ne. Kowa da gaskiyarsa, amma abin ya girmi leda.

Kano a bakin ruwa ta tashi. Tun zamanin Barbushe ake maganar Kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Sarki Gijimasu ya soma ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a gefen rafin Jakarar nan, kuma Bature Clapperton da ya zo a 1824 ya tarar fadama ta raba birnin gida biyu.

A Ingila, ƙidayar filaye da dukiya da aka yi a 1086 ta lissafa injinan niƙa masu aiki da ruwa sama da 5,000, har yau kuma ana gyara hanyoyin ruwan wasu daga cikin irin waɗannan injina da ƙofofin da ke tsare shi, ana kai yara su gani. Mu hatsinmu turmi da dutsen niƙa ne suka san shi. Gadonmu na ruwa shi ne kududdufi, kuma ba a cika ba da labarin yadda muka rabu da shi ba.

Gini ne ya haifi kududdufi. Magina su haƙi ƙasa, su kwaɓa, su yi tubali, gida ya tashi, rami ya rage. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an sake yaɓe, sai a koma ramin nan a ɗebo ƙasa, ya ƙara zurfi. Da damina ruwan unguwa can yake gangarawa ya kwanta, ya riƙa sauka ƙasa a hankali, rijiyoyin gidaje su samu. Muddin ana ginin ƙasa, kududdufi yana da masu shi, ko da ba a rubuta a takarda ba.

Sai kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, bulo da siminti da kwano suka zama alamar wanda ya samu. Ba wanda ya yanke shawarar kashe kududdufi, magini ne kawai ya daina zuwa. Ramin da ba mai bukatarsa sai ya zama bola, bola ta zama ciko, ciko ya zama fuloti. A lokaci guda kuma tsakar gida ta koma siminti, rufin kwano yana watso ruwa waje gaba ɗaya. Ruwan da ke gudu a kan titi ya ƙaru, wurin kwanciyarsa ya ragu. A gaskiya ba wanda ya yi kuka a lokacin, don kududdufi gidan sauro ne, kuma iyaye da yawa sun rasa yara a cikinsa.

Jakara kanta yanzu a cikin kankare take bi ta tsakiyar gari, ɗauke da ruwan kwatami, ta haɗu da rafin Getsi ta nufi madatsar Wasai da aka gina a 1976. Masu lambu a kan hanyarta da ruwan nan suke shayar da latas da kabejin da ke dawo mana kasuwa.