Kafin a ƙona maka ganɗa saboda minshari

Tsaya gaban madubi, ka buɗe baki ka ce "aaa". Naman nan mai laushi da ya ɗaga can bayan ganɗa, wanda beli ke reto a jikinsa, shi ne murfin da ke toshe hanyar hanci duk sanda ka haɗiyi abu. Shi ne kuma ke karkarwa idan mutum yana minshari.

A 1990 wani likita a Faransa, Yves-Victor Kamami, ya bayyana hanyar rage wannan nama da leza, wato wani haske mai ƙarfi da ke yanka nama, don maganin minshari. Aikin ya karɓu da wuri, don ba ya ɗaukar lokaci, ba a zubar da jini sosai, mutum ya koma gida a ranar. To amma leza da zafi take yanka, zafin kuma ba ya tsayawa iya bakin yankan, yana ratsa naman da ke kewaye. Idan wurin ya warke sai ya bar tabo mai tauri, irin na ƙunar wuta, tabon ya janye naman ya takure shi.

Na taɓa zama da wani magidanci da aka yi wa aikin a ƙasar waje. Ya kurɓi ruwa a gabana, sai ga shi yana ɗigowa ta hanci. Muryarsa ta koma ta hanci, maƙogwaro kullum a bushe, yana jin kamar wani abu ya maƙale masa. Matarsa ta ce minsharin ya ragu, amma har yanzu numfashinsa na ɗaukewa cikin dare, ya farka a firgice.

Nan ne abin ya fi damuna. Minshari sau da yawa alama ce ta ɗaukewar numfashi cikin barci, cutar da ke tafiya da hawan jini da ciwon zuciya. Tun 2001 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar yin wannan aiki na leza don maganin ta ba, ga wasu ma tabon ƙara ƙuntata hanyar iska yake yi.

Mun san wahalar da cire beli a hannun wanzami ke jawowa jarirai; wurin ɗaya ne, naman da aka cire kuwa ba ya tsirowa. Idan minshari ya dame ka, fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ka nemi gwajin barci. Rage ƙiba, kwanciya ta gefe, da na'urar CPAP mai hura iska su ake fara gwadawa. In an ce sai tiyata, ka tambayi likita ƙarara: wane nama za a cire, kuma me zai faru da haɗiya da muryata?