Wurin Karatu a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Gidanmu cike yake da jama'a, babu ɗakin da za a ware mini. Ina zan yi karatu?

Kusurwa ɗaya ta isa, muddin kullum a nan kake zama. Faɗin mita ɗaya zai ɗauki ƙaramin tebur da kujera. Ka jingina teburin da bango, ka juya wa ƙofa baya, don duk wanda ya gifta ido zai bi shi. Ka guji gado da katifa, jiki ya riga ya san wurin barci ne, shafi biyu za ka yi ka fara gyangyaɗi. Ka lura da rana kuma. Ɗakin da bangonsa ke kallon yamma, musamman mai rufin kwano babu silin, yana riƙe zafi har bayan Isha daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ake shirin JAMB da WAEC. In shi kaɗai gare ka, mayar da karatu mai nauyi bayan sallar Asuba, lokacin gari da sanyi, yara kuma ba su tashi ba.

Wane irin tebur da kujera zan sa kafinta ya yi?

Ga babba, tsayin tebur santimita 72 zuwa 75, mazaunin kujera kuma kamar 45 daga ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: ka zauna, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, hannu ya kwanta kan tebur ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba. In tebur ya yi tsayi, kafaɗa da wuya ne za su yi ciwo. In ya yi ƙasa, sai ka yi ta sunkuyo, baya ya riƙe. Yaron da ƙafarsa ke lilo a sa masa bulo ko katako ya taka. Kujerar roba tana yi, a ɗora matashi. Wanda ya fi son tabarma ya nemi gajeren tebur mai tsayin santimita 30 zuwa 35, ya jingina da bango, kada ya shimfiɗa littafi a ƙasa ya kifa a kansa.

Yaya batun haske, ga shi ana yawan ɗauke wuta?

A nan ya fi dacewa a kashe kuɗi, kafin ma tebur. Ƙwan da ke rataye a tsakiyar ɗaki yana bayanka, don haka inuwar kanka ce ke sauka kan takarda. Ana son fitilar da ke haska shafin kai tsaye. Mai rubutu da dama ya ajiye ta ta hagu, bahago ta dama, don kada hannu ya yi wa rubutu inuwa. Ƙwan LED mai wat 7 zuwa 9 ya wadatar. Ka tanadi fitila mai caji ko ta sola, ka riƙa cika ta da rana, kada ka bar ta a mace kwana da kwanaki, haka ne ke kashe batir. Tocilan waya ba ta yi: haskenta tsini gare shi, ga kuma saƙonni na shigowa. Littafi ya kasance kamar santimita 35 zuwa 40 daga ido, kuma duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci.

In kunna janareta kusa da taga?

A'a, ko kaɗan. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, tana fara wa da ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa. Haka kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

Ta yaya zan kare littattafai?

Gara da laima ne abokan gaba. Kada a jibge su a ƙasa ko a manna su da bangon ƙasa. A kafa kanta a sama, ko a sa su cikin akwatin ƙarfe a ɗora kan bulo. Lokacin ƙura a rufe da ƙyalle. Kan tebur kuwa, littafin darasin da kake yi kaɗai, da biro, da kofin ruwa a gefe.

Ana ta aikena, ƙanne na ta hayaniya. Me zan yi?

Wannan ba kafinta ke gyara shi ba, magana ce da mutanen gida. Ka zauna da Mama da Baba cikin ladabi ku tsayar da lokaci, misali daga bayan Isha zuwa ƙarfe goma, ka kuma gama ɗiban ruwa da sauran aike kafin nan, don kada a ga kamar gudun aiki kake. Iyaye kuma su rage muryar rediyo da talabijin a wannan tsakanin. Wayar ka miƙa wa wani ya riƙe maka, ko ka bar ta a wani ɗakin har ka rufe littafi.