Ciwon Suga da Kitsen Zuciya: Ku Karanta Kafin Ku Sake Tambayata

Duk ranar ganin masu ciwon suga a nan Gombe tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga mai tahowa daga Kumo har mai takowa daga Jekadafari. Na tattara su wuri guda. Wanda idonsa ba ya gani sosai, ɗansa ya karanta masa.

Me ya haɗa suga da zuciya? Ba ƙafa da ido yake taɓawa ba?

Yana taɓa su. Amma abin da ya fi kashe masu suga shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun 1974 binciken garin Framingham na Amurka ya nuna cewa namiji mai suga ya ninka marar suga sau biyu wajen haɗarin gazawar zuciya, mace kuma sau biyar. Hajiya, da ke nake.

Wai da gaske zuciya kitse take ci?

Da gaske. Lafiyayyar zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfin da take yin wannan aiki daga ƙona maiƙon da ke yawo a jini yake fitowa. Sauran ta cike da suga da wasu sinadarai.

To in da ma kitse take ci, ina matsalar?

Matsalar zaɓi ce. Zuciyar mai lafiya kamar janaretan nan ne da aka mayar yana aiki da fetur da gas, wanda ya fi dacewa a lokacin shi take juyawa ta sha. Bayan cin abinci, ko in an hau tudu, ko in jini ya yi mata ƙaranci, sai ta karkata ga suga, domin suga ya fi arhar iskar oksijin. Ƙona maiƙo yana cin oksijin fiye da suga da kamar kashi 10 cikin ɗari don samar da ƙarfi iri ɗaya.

Mai ciwon suga ya rasa wannan juyi. Aikin insulin biyu ne a nan: yana buɗe wa suga hanya ya shiga tsoka, kuma yana hana rumbun kitsen jiki zubar da maiƙo cikin jini barkatai. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, kitsen tumbi sai ya yi ta tsiyaya cikin jini dare da rana. Zuciya ta yi ta kwasa, kuma yawan ƙona maiƙon da kansa yana ƙara toshe ƙona suga, abin da masanin Ingila Philip Randle ya bayyana a 1963. Ga suga cike da jini, zuciya ba ta iya morarsa yadda ya kamata.

Abin da ta kwasa kuma ya fi ƙarfin abin da za ta ƙona. Rarar tana taruwa cikin ƙwayoyin tsokar, wani sashe ya rikiɗe zuwa sinadarai masu guba irin su siramaid, ƙwayoyi su riƙa mutuwa, tabo ya maye gurbinsu. Bangon zuciya ya yi tauri, ba ya sakewa sosai ya karɓi jini. Daga nan haki ke farawa.

An duba ni an ce jijiyoyin zuciyata ba su toshe ba. Na tsira ke nan?

A'a. Toshewar jijiya daban, lalacewar tsoka daban. A 1972 likita Shirley Rubler da abokan aikinta suka ba da rahoton masu suga huɗu da zuciyarsu ta gaza alhali manyan jijiyoyin ba su toshe ba. Ka yi hamdala da sakamakonka, ka ci gaba da shan magani.

Ni ai ba ni da ƙiba.

Ɗaga rigar mu ga cikin, Alhaji. Siraran ƙafafu da tumbi sun ishe ni bayani.

To in daina cin mai gaba ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsa ɗaya da za ta yi wa kowa, saboda haka ku yi haƙuri da tsawonta.

Da farko, kada ku daina. Nakan ga uwargida ta hana maigida miya mai ɗigon man gyaɗa, sannan ta ɗora masa malmala uku ta tuwon shinkafa, ya kora da fura mai sukari, wai an tsare zuciya. Ba a tsare komai ba. Hanta tana mayar da rarar sukari da sitaci kitse, ta turo shi jini. Maiƙon da ke damun zuciyar mai suga, da yawansa daga cikin jikinsa yake fitowa, daga tumbi da hanta, saboda insulin ba ya aiki. Ko an ɓoye kwalbar mai a ƙarƙashin gado wannan ba zai tsaya ba.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya tafi wajen mai tsire ya ce likita ya ba shi izini. Irin man yana da tasiri, musamman ga jijiyoyin jini. Man shanu, kitsen rago, tozo, fatar kaza, waɗannan suna ɗaga mugun kwalastirol. Manja kusan rabinsa irin wannan maiƙon ne, sai a sassauta hannu. Man gyaɗa da man waken suya da na riɗi sun fi dama, kifi kuma ya fi jan nama. Man da aka soya ƙosai da shi jiya, aka soya awara yau, za a soya dankali gobe, shi ne na fi tsoro, ko na gyaɗa ne.

Nawa za a ci? Ya danganta. In kana da tumbi, ko da wane mai ne sai ka rage, domin giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci 4, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka yana gyara aikin insulin sosai. In kai ramamme ne da suga ya riga ya zuƙe, ba zan ce ka rage abinci ba, sai dai mu gyara magani tukuna. In awon jini ya nuna maiƙon da ake kira tiraigilisaraid ya yi sama ƙwarai, nan kam sai an matse mai da gaske na ɗan lokaci, saboda yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar cikin ciki da ke samar da insulin ɗin. In akwai ciwon ƙoda, lissafin nama da gishiri ya sake canjawa.

Masu bin tsarin nan na intanet, a bar tuwo kwata-kwata a koma nama da ƙwai da mai, suga yakan sauka, ban musa ba. Sai dai mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar suga ta gilibenkilamaid yana iya faɗuwa sumamme in ya yi haka ba a rage masa magani ba. A zo a zauna da likita kafin a fara.

Masa fa? Ku ci biyu ko uku da miyar taushe mai yawan ganye, ban da barbaɗa sukari. Na san ba abin da kuke son ji ba ne.

Yaya zan gane ta fara taɓuwa?

Haki a tafiyar da da ba ta sa ka haki, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara matasan kai, tashi cikin dare numfashi na sarƙewa. Kada ka jira ciwon ƙirji. Suga yana kashe jijiyoyin jin zafi, har mutum ya samu bugun zuciya bai ji komai ba sai zufa da kasala. Taurin tsoka kuma yakan riga alamu da shekaru, hoton zuciya na eko ne ke nuna shi. A nemi likitan zuciya a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Akwai mai sayar da maganin narkar da kitsen zuciya a tasha.

Na ji lasifikarsa. Babu jiƙon da ke wanke tsokar zuciya. Zogale abinci ne mai kyau, ku yi kwaɗo ku ci, amma wanda ya ajiye maganin sugansa na metformin dominsa zai dawo mana a kwance. Kuma don Allah ku daina ɓoye mana abin da kuke sha, ba duka za mu yi ba.

Maganin nan mai fitar da suga ta fitsari, wai yana taimakon zuciya?

E, irin su empagliflozin da dapagliflozin. Babban gwajin da aka fitar a 2015 ya nuna empagliflozin ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin ɗari. Yana da tsada, yana ƙarar da ruwan jiki, abin lura a zafin Maris da Afrilu, kuma mai amai ko wanda ya kasa cin abinci ya dakatar da shi ya zo asibiti, domin jini yana iya yin tsami ko suga bai hau ba. Ba na saye a kemis don maƙwabci yana sha ba ne. Pioglitazone kuwa, wani maganin sugan, yana tara ruwa, mai gazawar zuciya ba ya shansa.

Sugana ya daidaita. In bar maganin hawan jini da na kwalastirol?

Wa ya ce?

Motsa jiki dole ne? Gwiwa ta hana.

Minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar. Tsokar da ke aiki tana jan suga ko insulin bai cika ba, tana kuma ƙona maiƙon da zai je ya dami zuciya. In gwiwa ta hana, Baba, a raba shi minti goma-goma bayan kowane abinci, a taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa. Wanda ƙafarsa ta riga ta kumbura ko yake haki a zaune, shi ya fara zuwa a duba shi.