Baƙin Rami a Ɗakin Baje Kolin Fasaha: Yadda Ake Siffanta Abin da Ido Ba Ya Gani

Mene ne baƙin rami, kuma me ya haɗa shi da masu fasaha?

Baƙin rami wani yanki ne a sararin samaniya inda ƙarfin janyowa ya tsananta, har ta kai ko haske ba ya kuɓuta idan ya ƙetare wata iyaka. Lissafinsa ya samo asali daga ka'idar Albert Einstein ta 1915. Masu fasahar da ke haɗa majigi da lasifika da kwamfuta a ɗaki guda, domin mai kallo ya tsinci kansa a tsakiyar aikin, sun ƙwallafa rai a kansa saboda matsalar da ya ɗora musu: abin da za su nuna ba shi da kamanni.

To, ta yaya ake nuna shi?

Ana nuna abin da yake yi wa maƙwabtansa. A 1979 masanin taurari na Faransa, Jean-Pierre Luminet, ya fitar da hoton baƙin rami bayan kwamfuta ta yi masa lissafi, shi kuma ya ɗiga ɗigo-ɗigon tawada da hannunsa, ya fito da zoben iska mai zafi da ke kewaye ramin. A yau kyamara kan ɗauki hoton mai kallo, manhaja ta lanƙwasa shi kamar yadda ramin ke lanƙwasa haske, sai mutum ya ga fuskarsa ta miƙe ta zagaye wani baƙin da'ira a bango.

Duhun kansa kayan aiki ne, kuma yana yaudarar ido fiye da yadda ake zato. A 2018, a wani gidan baje koli da ke Porto ta ƙasar Fotugal, wani baƙo ya faɗa cikin ramin da mai fasaha Anish Kapoor ya gina, mai zurfin mita biyu da rabi, wanda daga sama yake kama da da'irar da aka shafa wa baƙin fenti a daɓe.

Sautin da ake ji a irin waɗannan ɗakuna na gaske ne?

Tushensa na gaske ne, amma an sarrafa shi. A watan Satumban 2015 na'urorin LIGO a Amurka, masu auna girgizar sararin samaniya, suka kama girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wadda ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, aka mayar da ita ɗan gajeren fito mai hawa sama. A 2022 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta saki sautin ramin da ke tsakiyar gungun taurarin Perseus, bayan an yi ta ninka saurin kaɗawarsa biyu-biyu, ninki kan ninki, har sau 57 zuwa 58 kafin kunnen ɗan Adam ya iya jin sa.

Ina masu fasaha suka fi yin tuntuɓe?

Wurin barin mai kallo ya ɗauka cewa duk abin da ya gani awo ne na kimiyya. Hoton baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87 da aka fitar a Afrilun 2019 an haɗa shi ne daga igiyoyin rediyo da tashoshin hangen nesa takwas suka tattara, launin ruwan goron nan kuwa masanan ne suka zaɓa domin nuna bambancin ƙarfin haske. Mai fasaha yana da damar zaɓen nasa launi, sai dai a ganina ya kamata allon da ke bakin ƙofa ya fayyace abin da aka ɗauko daga na'ura da abin da shi ya ƙara.