Aikin masanin kufai da fasahar Musulunci ta dā a Nijar

Wannan fanni ne na ilimi da ke nazarin abin da al'ummomin Musulmi suka gina, suka ƙera ko suka rubuta tsakanin ƙarni na 8 da na 16 na Miladiyya. Mai yin sa yana karanta littafi, yana kuma karanta ƙasa: masallaci, maƙabarta, tsingaro, gawayin tsohon murhu, zayyanar Alƙur'ani. A Nijar cibiyarsa tana Yamai, amma fagen aikin yana arewa, tsakanin Adar da Abzin.

Hanyar shiga

Ɗalibi kan fara da lisans, wato digirin farko, a sashen tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni, ya yi mastar, sannan digirin dakta. Daga nan sai koyarwa da wallafa bincike. Ƙarin girma zuwa matsayin farfesa yana bi ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, mai mazauni a Wagadugu. Faransanci dole ne, amma wanda bai iya Larabci ba rabin aikin ya wuce shi, domin shaidun farko dukansu da Larabci aka rubuta su. A nan wanda ya yi makarantar allo ya ɗan sauke littattafai yake da riba babba, kuma abin takaici ne yadda ba a cika jawo irin waɗannan ɗalibai cikin fannin ba. A IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta wannan jami'a, akwai sashen kufai, akwai kuma sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda tushensa tarin da Bubu Hama, marubuci ɗan Nijar, ya fara ne.

Takadda: inda littafi da ƙasa suka haɗu

Misalin da ya fi nuna yadda aikin yake shi ne Takadda. Matafiyi Ibn Battuta ya sauka garin a 1353, ya ce ana haƙo jan ƙarfe a kusa da shi, a narka, a zuba shi sanduna-sanduna. Da siraran ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero, alkama da man shanu. Ya ambaci Barno da wani gari Kubar cikin wuraren da ake kai ƙarfen, kuma masana da yawa na ganin Gobir yake nufi. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ma ya bi ta Takadda kafin ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa.

Garin Takadda ya ɓace, aka daɗe ana gardama a kan wurinsa. Binciken da Suzanne Bernus da Patrice Cressier suka jagoranta a Azelik, cikin yankin Ingal, wanda aka wallafa a 1991, ya ƙarfafa ra'ayin cewa nan ne. An ga ragowar masallatai, maƙabartu da kashin ƙarfe na maƙera. Aikin kuwa na haƙuri ne. Ana ja igiya a raba fili murabba'i-murabba'i, a kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a tankaɗe ta da rariya. Ɗan tsingaro da bai kai tafin hannu ba sai an wanke shi, an ba shi lamba, an zana bakinsa a takarda. Gawayi kuma a naɗe shi a aika ɗakin gwaji don auna shekarunsa ta hanyar kabon 14.

Marandet, kudu da Agadas, wani wurin ne: an tono dubban ƙananan kasake na narka jan ƙarfe, kuma ana danganta shi da garin Maranda da marubucin tarihi Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9.

Gini da magina

Babban masallacin Agadas, mai hasumiyar laka ta mita 27, an gina shi a farkon ƙarni na 16, aka sake ginin hasumiyar a 1844. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gādon duniya a 2013. Ginin laka yana da wuyar sanya wa shekaru, tunda kowace damina tana cin sa, kowane rani a yi masa yaɓe. Shi ya sa mai bincike ba ya rabuwa da magina masu rai. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 kuma ya sami kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, sabo ne, amma a jikinsa ɗalibi zai ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a ɗaure bakan gizo na rufi da itace, a tada soro.

Matsalolin yau su ne ƙarancin kuɗin bincike, rashin tsaro da ya taƙaita tafiya wasu yankuna, da masu haƙa a ɓoye suna sayar wa dillalai. Tukunyar da aka ciro ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke gefenta ba, ko an ƙwato ta an kai gidan tarihi na Bubu Hama, ba a iya sanin gidan da ta fito.