Wa ke da ikon ƙarshe idan hadari ya tare hanyar jirgi?

Duk wanda ya taɓa zaman jira a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato cikin watan Yuli ko Agusta, ya ga hadari ya haɗo daga gabas da ƙura a gabansa, aka kuma sanar da ɗage tashin jirgi, ya san irin gunagunin da ke biyo baya. Da yawa suna ɗauka cewa jami'in hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ne kaɗai mai cewa a tashi ko a tsaya, alhali ba haka doka ta raba aikin ba.

Ƙa'idojin da Najeriya take bi sun samo asali ne daga Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifar da ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ita ce ke tabbatar da bin su a cikin gida. Rataye na 2 na yarjejeniyar ya ɗora ikon ƙarshe a kan kyaftin muddin jirgin yana hannunsa, har ya yarje masa ya kauce wa ƙa'ida idan tsirar rayuka ta tilasta hakan. Jami'an hasumiya kuwa, waɗanda ke ƙarƙashin NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, aikinsu shi ne hana jirage karo da juna da isar da bayanan da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ke tattarawa. Izinin da suke bayarwa yana nufin hanya babu wani jirgi, amma bai ɗauke wa kyaftin nauyin duba sararin samaniya ba.

Girgijen hadari a ƙasashe masu zafi yakan haura kilomita 15, wato sama da inda jiragen fasinja ke tafiya, don haka kewaye shi ake yi. A cikinsa akwai ƙanƙara da iska mai hawa da sauka da ƙarfi. Mafi muni ita ce iskar da ke faɗowa kai-tsaye ta watsu a kusa da ƙasa, domin takan fara bugun jirgi ta gaba, sai nan take ta juya ta bayansa, ya rasa abin da ke ɗauke da shi a lokacin da ba shi da tazarar da zai farfaɗo. Hukumar jiragen sama ta Amurka tana ba da shawarar a nisanci hadari mai tsanani da aƙalla mil 20. Na'urar hango hadari da ke hancin jirgi ɗigon ruwa take gani, kuma ruwa mai yawa yakan ɓoye abin da ke bayansa.

Idan kyaftin ya hango hadari, yakan nemi izinin karkata, ya faɗi gefen da yake so da nisan da yake bukata. Jami'in zai amince idan da hali. Idan akwai wani jirgi a wajen, zai sanar da kyaftin, ya tambaye shi abin da ya yanke. Idan abin ya kai ga barazana ga rayuka, kyaftin yana iya karkatawa ya sanar da jami'in nan take. Doka ta kuma wajabta ɗaukar man da zai kai jirgi wani filin na daban, da ragowar na minti 30, shi ya sa jirgin da ya nufo Sakkwato yake iya sauka a Kano ko ya koma Abuja.

Mu a nan ba labari aka ba mu ba. Ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa, mutum 96 daga cikin 105 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Masu bincike sun danganta faɗuwar da shawarar tashi duk da sanin lalacewar yanayi, da kuma rashin bin matakan da aka tsara don kuɓuta daga juyin iskar da jirgin ya shiga.