Baƙin da Ke Sauka a Sabon Kandamin Lambu: Wa Za a Bari, Wa Za a Kora?

Tun da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana ya yawaita, masu lambu da dama sun koma haƙa kandami a gefen fili. A tara ruwa da rana, a shayar da tumatir da albasa da latas da yamma, mai hali kuma ya zuba kifi a ciki. A matsayina na malamin gona ina murna da wannan dabara, domin tana ceton shuka ranar da inji ya ƙi tashi. Sai dai kusan duk wanda ya haƙa, kafin wata guda ya cika sai ya neme ni da magana iri ɗaya: "Malam, ruwan nan ya cika da ƙwari, wane magani zan zuba?" Ni kuwa abin da nake cewa kullum shi ne kada a zuba komai sai mun je mun leƙa.

Akwai wani dattijo a fadamar da nake zagayawa. Ranar da na isa lambunsa, na tarar da shi a bakin kandami riƙe da galan na baƙin mai da ya karɓo wurin bakanike, yana shirin tuttulawa.

Na ce, "Baba, don Allah ajiye galan ɗin nan tukuna, a ba ni farar roba."

Ya ce, "Ɗana, sauro zai cinye mu. Ka ga yadda suke motsi kuwa?"

Na kamfato ruwa daga gefen da ciyawa ta fara fitowa, muka tsuguna muna kallo. Tsutsar sauro tana nan, ba a musu. Na nuna masa iri biyu: wadda ke rataye kanta ƙasa, da wadda ke kwance shame-shame a saman ruwa kamar tsinke. Ta biyun ita ce 'yar sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Amma a ƙasan robar akwai wani ƙwaro mai launin ƙasa, mai ƙafa shida da manyan idanu, ya lafe kamar ba rai. Muna kallo wata tsutsa ta gifta ta gabansa, sai ya cilla baki ya cafke ta. Baba ya ce, "Ikon Allah! Wannan kuma wane ne?" Na ce masa ɗan mazari ne. Mazarin nan da yara ke bi a kan ruwa, a cikin ruwa yake yin ƙuruciyarsa, kuma aikinsa dare da rana farauta.

Abin da nake so kowane mai lambu ya fahimta ke nan. Halittu ba sa sauka a sabon ruwa a rana ɗaya, suna zuwa ne bi da bi, kuma sauro ne kan gaba. Sauron zazzaɓi yana son ruwa mai tsabta, mara zurfi, wanda rana ke duka, wanda kuma babu mai farautarsa a ciki. Sabon kandami ke nan. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi mako guda zuwa kwana goma ba. Maƙiyansa sukan biyo baya: mazari ya zo ya sa ƙwai, ƙwarin ruwa masu tashi su faɗo da dare, har da wani mai iyo a rigingine wanda ke kama tsutsa daga ƙasa. Idan aka ba su makonni suka zauna, yawan tsutsar da ke kai ga tashi yana raguwa ƙwarai.

To, mai zuba baƙin mai ko maganin feshi kowa yake kashewa, abokin da maƙiyin. Bayan kwanaki gubar ta lafa, wa zai fara dawowa? Sauro. Ya tarar da gida babu mai gadi. An gudu ba a tsira ba, ga kuma ruwan da za a shayar da ganyen da mutane za su ci an lalata shi. Haka nan masu wanke injin feshi a bakin kandami, ko su jefa kwalbar magani a ciki. Na taɓa zuwa wani lambu washegarin da aka yi haka, na tarar da kwaɗi da ƙananan kifi birjik a saman ruwa, ciki sama. Raina ya ɓaci matuƙa, don mai lambun bai yi da mugunta ba, babu dai wanda ya taɓa gaya masa.

Kada wani ya ɗauka ina raina sauro. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar su suka fi mutuwa. Maganata ita ce a yaƙe shi ta hanyar da ke ci. A haƙa kandami da zurfi fiye da mita ɗaya, a daidaita gefensa kada ya zama fadama-fadama. A cike ƙananan kwatamai da ke kewaye da shi, da sawun shanu, da inda tiyo ke yoyo, domin waɗannan 'yan ruwayen da ake rainawa sun fi babban kandamin ƙyanƙyashe sauro. A zuba 'ya'yan karfasa, suna cin tsutsa. Idan kandamin bai nisa da gida, gidan sauro dole ne ga kowa, kowane dare.

Kwaɗi su ne baƙin da aka fi jin zuwansu. Dare ɗaya za ka ji lambu ya kaure da kuka, da safe ka ga ƙwai kamar zaren carbi baƙi ya nannaɗe ciyawa, ko dunƙule kamar yauƙi. 'Ya'yansu gansakuka suka fi ci, iyayen kuma su shiga kunyoyi da dare suna lashe ƙwari da tsutsotsin da ke cin ganye. Ma'aikata ne da ba a biya. Abu ɗaya a sani: inda kwaɗo ya yawaita, maciji kan biyo. Saboda haka a riƙa nome hanyar zuwa bakin ruwa, mai ban-ruwan dare ya sa takalmin roba mai tsawo ya riƙe tocila. Tsuntsaye ma za su zo, balbela da zalɓe, tsattsewa tana shawagi da yamma, jemage da magariba. Mai kiwon kifi zai yi fama da zalɓe da guza, amma raga ko zare da aka gicciya bisa ruwa ya ishe su, ba sai an sa guba ba.

Sai tsirrai. Ba banza ba Bahaushe ya ce kainuwa dashen Allah. Ba ka shuka ba, rana ɗaya ka ga ta yi lif a kan ruwa. Iri na zuwa a ƙafar tsuntsu, a iska, ko a ruwan da aka janyo daga kogi. 'Yar kainuwa ko bado kaɗan ba laifi, suna yi wa kifi inuwa, suna rage zafin ruwa. Amma kainuwa ba ta san iyaka ba. Idan ta rufe ruwa ruf, iska ta ragu a ƙasa, kifi ya galabaita, kuma akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta tana shaƙar iska daga nan. Ni shawarata kada a bar ta ta wuce kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwan. A kwashe sauran da manjagara, a shanya nesa da bakin ruwa, a zuba a ramin taki. Idan kuma ruwa ya koma kore shar kamar miyar kuka, ruwa ba ya tsami banza: takin zamani ko kashin kaji ne ke gangarowa ciki. A yi ɗan tudu a kewaye don tare shi, kuma idan koren ya yi kumfa mai kauri yana wari, kada a shayar da dabbobi.

Tsiro ɗaya ne ba na yi masa sassauci ko kaɗan, wato kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Duk wanda ya san dausayin Haɗeja da Nguru ya san abin da ta yi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani ya koma kwanciya a wasu wurare duk shekara. Kacalla ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Kanta guda ɗaya yana ɗauke da iri dubbai masu bin iska kamar auduga, ga saiwa mai yaɗo a ƙarƙashin laka. Ranar da ka ga ganyenta na farko a kandaminka, ranar za ka tumɓuke ta da saiwa. Idan ta riga ta kafu, a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa yadda kututturen zai nutse ya shaƙe. Yanka ta sama kashe maciji ne ba a sare kai ba.

Yanzu ga baƙon da ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ne mafi shiru a cikinsu. Ranar da muke tare da Baba, na ɗago wani ganye da ya faɗa ruwa na juya bayansa. Ga wata 'yar katantanwa manne, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, bawonta siriri mai duhu. Irinta ce ke rainon ƙwayar cutar tsargiya, wato ciwon fitsarin jini. Ita kaɗai ba ta da cuta. Sai mai tsargiya ya yi fitsari a cikin ruwan ko a bakinsa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin katantanwa. Bayan kamar wata guda ƙwayoyin su fara fitowa da yawa, musamman da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke son wanka. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Katantanwar kuma tana iya hayayyafa ko da ita kaɗai ce, tana iya lafewa cikin laka idan ruwa ya ƙafe har ya dawo.

Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma. Wallahi ba girma ba ne, ciwo ne. Yana shanye jinin yaro, ya dushe masa ƙwazo a makaranta, idan ya daɗe ya lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma yana taɓa al'aura da mahaifa. Maganinsa yana nan, ƙwayar praziquantel, wadda ake rabawa kyauta a makarantu lokacin gangami. Duk yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa a kai shi asibiti, kuma idan masu rabon magani sun zo kada a ɓoye yara.

Mai lambu kuma nasa aikin a bayyane yake. A haƙa masai nesa da kandami, a hana kowa, har leburori, tsugunawa a bakin ruwa. A daina ɗebo tsirrai daga tafki ko magudanar ban-ruwa ana jefawa a ciki don ado, da su katantanwa ke zuwa. A tsame ganyaye da leda da karare, a jikinsu katantanwa ke maƙalewa. Mai shiga ruwa ya sa takalmin roba. Kuma ruwan kandami ba na sha ba ne. Mun rabu da kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar daga Nijeriya da Nijar a 2013, amma gudawa da taifot suna nan.

Zurfin da na ce a yi don sauro, shi ne kuma haɗari ga ƙananan yara, balle kandamin da aka shimfiɗa wa tamfol, mai santsi, wanda ko babba ya zame fitowa sai da taimako. Yaro yana nutsewa ba tare da ihu ba, cikin 'yan mintoci. Don haka shinge na waya ko na ƙaya, mai ƙofar da ake ɗaurewa, a yi shi tun kafin a zuba ruwan farko. A gefe ɗaya kuma a jera duwatsu ko buhunan yashi kamar matakala, yadda mutum ko akuya da ta faɗa za ta samu wurin takawa.

Da na koma wurin Baba bayan wata biyu, ya kewaye kandamin da ƙayar magarya, ya zuba karfasa, galan ɗin baƙin mai yana can gindin mangwaro yana shafa wa ƙotar fartanya. Ya ja ni bakin ruwa ya nuna mini wani kara da ya kafa, ga ɓawon 'ya'yan mazari guda huɗu a jere, sun fashe ta baya, masu su sun tashi. Muka kamfato ruwa da farar robar nan sau biyar, tsutsar sauro biyu muka samu. Katantanwa kuwa har yanzu tana nan jefi-jefi, shi ya sa muka yi da shi cewa ranar kasuwa zai kai jikokinsa uku asibiti a duba fitsarinsu.